Barmo da Latas ɗin Dodo

"Dodon nan da kuke ji a tatsuniya, mai hana 'yammata ɗiban ruwa, kakan kakana ne ya kashe shi. Wutsiyar tana nan a ɗakin tsohuwarmu!"

Haka Barmo yake cika baki a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, shekarar da aka yi Olamfik a ƙasar. Da ka ga mutumin: wuya kamar muciya, baki kuwa ya fi jikin nauyi. Duk wannan kurin don Hajiya Turai yake yi, 'yar Kantin Kwari mai neman wakilin da zai riƙa yi mata lodin kaya a kwantena.

"Ni marar tsoro nake nema, ba rediyo ba," in ji ta.

"Kin samu, Hajjaju!"

Ya raka ta garin Xintang, bikin buɗe shagon wani mai ɗinka wandunan jins. A bakin ƙofa ya ga latas rataye da jan zare.

"Dubi almubazzaranci," in ji gogan. Ya tsinke, ya cusa a aljihu, wai na kwaɗo.

Abin da sakaran bai sani ba, latas ɗin na zakin rawa ne: mutum biyu cikin riga ɗaya, su zo su cafke shi don shago ya yi albarka.

Ganguna suka barke. Sai ga abu ja, kai kamar tukunyar biki, yana ƙifta ido. Ya duba ƙofa, wayam. Ya waiga, ga ganye yana leƙe daga aljihun Barmo.

"To, ga abokin gabar kakanka nan," in ji Hajiya.

"Kwantar da hankalinki, waƙa ake yi masa."

Ya rera, murya na rawa kamar ta akuya a ruwan sama. Dodo ya matso.

"Hajiya, wannan ba ya jin Hausa!"

Ya jefe shi da hula. Dodo ya cafe. Ya jefa takalmi, ya samu mai shago a goshi. Daga nan sai ƙafa. Ya zagaya shagon yana salati, ya afka cikin tarin wanduna, kai a ciki, ɗuwawu a waje.

Dodo ya zare latas ɗinsa, ya yayyaga, ya feshe masa a baya. Aka ɗau tafi. Da aka cire kan dodon, sai ga wata budurwa siririya tana share gumi.

Hajiya ta zungure shi da lema.

"Fito, jikan maharba. Kakanka ya kawo wutsiya gida, kai ko latas ka kasa tsarewa. In ba ka kwantenata?"