Sunan da Inna Atika Ta Ƙi Faɗa wa Waya

"…da gajiyar taro, angona? Ko yunwa ce ta koro ka gida?"

Haka Inna Atika ta tari jikanta Jamilu, tana zaune a tsakar gidansu na Ƙofar Kware tana tankaɗen yajin da take sayarwa. Gogan kwana biyu ya yi a wani otal, wurin taron masu rubutu da saka bidiyo a intanet. Ya dawo da kati rataye a wuya, ga wata fitila zagayayya kamar bakin rariya. An ce musu duk wanda bai saka bidiyonsa na farko ba kafin la'asar ɗin yau, babu shi a horo na gaba. Shi kuwa duk duniya ba shi da abin nunawa sai yajin kakarsa.

"Lahiya lau, amarya mai haƙori huɗu. Ilimi na zaka da shi."

"Ni dai igiya na gani ga wuyanka. Kara sunka kai ka, kasuwar dabbobi, anka rasa mai saye?"

"Katin mahalarta na, Inna. Sai manya aka ba."

"Awo. Rago ma sai ya girma ake ɗaure shi. To mi kunka koyo?"

Jamilu ya gyara tsayuwa kamar mai wa'azi. "Malamarmu ta ce kowane gida akwai labari. Ta ce a nuna huskar mai kaya, don mutane ba su yarda da abin da ba su ga mai shi ba."

"Wanga kunka kwana biyu kuna koyo? Ai talla ce. Ɗiyan unguwar ga masu ƙuli-ƙuli tun ba su iya ɗaura zane ba suke yi, ba wanda ya ba su shayi da biskit."

"Su suna da mabiya dubu goma? Ni wata ukku kawai za ni yi in samu."

"Su bi ka ina? Kai da akuyar gidan ga ba ta bin ka sai ka riƙa dusa."

Ya ga inuwa ta fara juyawa, la'asar na matsowa. Ya kafa fitilarsa da rana tsaka, ya saita waya a fuskar tsohuwa.

"Yauwa. Babban darasin shi na, a hwaɗi sunan kaya sau ukku kahin mai kallo ya wuce. Dubi nan, ki ce: Yajin Gidan Aminullahi."

Rariya ta tsaya cak a hannun Inna. "In ce mi?"

To ga inda ilimin otal ya yi tuntuɓe. Aminullahi dai mahaifin Jamilu ne, kuma shi ne ɗan farin Inna. Shekara hamsin da biyu bakinta bai taɓa kama wannan suna ba. Shi kuma Jamilu mai wayo tun jiya ya buɗe shafi da sunan, har ya miƙa wa masu taro, babu damar sakewa.

"Ɗan banza mai kan kwakwa! Ranar da yaron ga ya karye a ƙahwa, likita ya tambaye ni sunan, maƙwabciya na sa ta hwaɗi. Shi na zan hwaɗa wa waya, har sau ukku?"

"Sau ɗaya to. Cikin raɗa ma na yarda."

"Ko cikin barci."

"To na sake ki. Runjin Sambo za ni, akwai wata tsohuwa mai dakuwa, ita ta san zamani."

"Allah raka taki gona! Da mi za ka ciyar da ita, da yatsan da ake dangwala maka a waya? Mijin da ko sabulu bai taɓa kawowa ba, sakinsa hutu na."

Jamilu ya duba agogon wayar. Sai ya sunkuyar da kai ya fara naɗe wayar fitila. Inna ta dube shi ta gefen ido, ta ja tsaki, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Kunna abinka, kada ka yi mini kuka cikin yaji."

Ya kunna da sauri. Tsohuwa ta ɗaga ƙulli ɗaya, ta kafe waya da ido.

"Jama'a, wanga yaji nawa na, ni Atika, shekara arba'in ina daka shi. Sunan da kunka gani rubuce, na wani yaro na, masu ido su karanta, ni ba ni hwaɗi. Bai taɓa riƙa taɓarya ba, iyakarsa ci. Wanga da ke riƙe da waya kuwa mijina na, ba shi da sana'a. Wadda duk ta sayi ƙulli biyar, in ba ta shi gyara."

Dariya ta kama Jamilu har hoton ya yi ta rawa. Bai yanke ko kalma ɗaya ba, ya tura shi haka nan, ladan na gyaran murya.

"Kin ci, Inna. Na mai da ke ɗakinki."

Ta wurga masa ƙullin yajin. "Ungo. Kai wa malamarku, ta yi atishawa ko sau ukku na."