Yadda Za Ka Kashe Kanari Ka Ɗora wa Mai Dalma

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbacin mako uku cur ba wanda zai san kai ne ka ɓata sitak a kanel ɗin kamfaninku. Ban koyi aikin nan a aji ba. A kan na'urorin da suka mutu a hannuna na koya, shekara ashirin da biyu, kuma na ga an bi wannan hanya a ofishinmu, tebur biyu tsakanina da mai binta. Saboda haka zauna ka saurara.

Mataki na ɗaya: San abin da ka ɓata

Kanel ita ce zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Sitak kuwa wuri ne a ƙwaƙwalwarta da ake jera bayanai kamar faranti, wani kan wani. Duk aikin da aka kira, kafin ya fita sai an ajiye masa adireshin komawa a wannan jeri, don in ya gama ya san hanyar gida.

Kai kuma ka ware gurbi goma sha shida don sunan na'ura, ka kwafi suna a ciki ba tare da ka ƙirga harufansa ba. Abin da ya yi saura ya malala ya shafe adireshin. Aikin ya gama, ya juyo, ya faɗa gidan da ba nasu ba, na'ura ta sandare. Layi biyu ne gyaran, minti goma. Kada ka taɓa su. Wanda ya gyara da sauri, an san shi ya ɓata.

Mataki na biyu: Kashe kanari

Masu hankali sun san irinka za su zo, shi ya sa suke dasa wata lamba tsakanin gurbinka da adireshin. Sunanta kanari, kamar tsuntsun keji. In bayani ya malala, ita yake fara takewa, kanel ta tsaya cak ta faɗi sunan aikin da aka yi ɓarnar a cikinsa. Aikin kuwa naka ne.

To ka shiga saiti ka kashe shi. A bayanin canjin ka rubuta cewa ka rage wa na'ura nauyi. Daga ranar ba za ta ƙara ambaton kowa ba. Za ta mutu ne kawai, shiru, ta bar tulin lambobi a allo. Mai shaida ɗaya gare ka, ka sallame shi.

Mataki na uku: Yi kamar kana nema

Buɗe taga huɗu a allo, duka baƙaƙe. Buga tulin lambobin a takarda, ka samo jan biro ka riƙa zagaye wasu, ko waɗanne. In Manaja ya leƙo, kada ka ɗago. Ka ce abin yana zuwa yana tafiya, kuma irin wannan ba ya son gaggawa. Ka ƙara da ajiyar zuciya. Manaja bai san sitak ba, amma ya san ajiyar zuciya.

Shayi ya huce a gefenka, a kofin nan naka mai rubutu. Shayin da ya huce ya fi rahoto shafi biyar.

Mataki na huɗu: Zaɓi wanda zai ɗauka

A nan ka yi sa'a. Aikin naka ba ya tashi sai wuta ta ɗauke ta dawo, lokacin da na'ura ke sake karanta sunanta. Duk abin da ke mutuwa bayan wuta ta dawo, ido kan allunan ƙarfe yake komawa. Mai liƙa su da dalma kuwa yana ƙarshen ɗaki, kusa da taga, da tabarau mai igiya da ƙaramar fanka da ke kore masa hayaƙi.

Na san yayan matarka ne. Na san shi ya ɗauki takardunka ya kai wa Manaja lokacin da kake zaune a gida, ya ce ƙanensa ne, yana da kai. Wannan ma shi ya sa ya dace: ba zai taɓa zarginka ba.

Kada ka ce shi ne. Wannan aikin marasa tarbiyya ne. A taro ka ce kai dai a ɓangarenka ba ka ga komai ba, sannan ka tambaya, cikin ladabi, ko an duba dalmar da ke wajen shigar wuta. Ka ƙara da cewa Yaya ƙwararre ne, sai dai ido yana gajiya da shekaru. Sauran Manaja zai ƙarasa.

Mataki na biyar: Jure

Za ka ga ya kwance alluna arba'in ya sake liƙewa ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga ya canza tabarau. Za ka ji Manaja ya gaya masa, a gaban mutane, cewa masu ɗakunan sanyi da ke sayen na'urorinku sun dawo da guda tara, in ba a gano matsalar ba zuwa taron Alhamis, za a ba wani teburinsa.

A gida matarka za ta ce Yaya ya rame, ko abinci ba ya ci sosai, ta roƙe ka ka taimaka masa tunda kai ka san kwamfuta. Ka ce kana iya ƙoƙarinka. Ka ƙara miya.

Ranar Laraba zai zo teburinka, ya tsaya a gefe don kada ya tare maka haske. Zai ce, "Ƙanena, ba ni aron takardar nan mai lambobi. Ban san karatunta ba, amma in mutum zai bar aiki, gara ya ga abin da ya kore shi."

Ka ba shi. Hana shi zai jawo tambaya.

Mataki na shida: Taron Alhamis

Abin da ba ka sani ba, tun kafin ka iya kunna kwamfuta akwai wani tsohon jadawali manne a bangon teburin Yaya, wanda ke nuna harafin da kowace lamba take wakilta. Da shi yake gwada ƙananan allunan rubutu. Kuma ya lura cewa a takardu tara na na'urori tara, lambobi takwas ne suke maimaituwa a wuri ɗaya. Dalma in ta saki, ba ta saki iri ɗaya sau tara.

Zai miƙe da takardar a hannu, ya nemi izini, ya fara karantawa da yatsa a kan layi. Shida da huɗu, d. Shida da ɗaya, a. Haka har ƙarshe, ba sauri.

"Da-kansa," zai ce. "Abin da ke wurin ke nan, ranka ya daɗe. Ni dai ban liƙa wannan ba."

Manaja zai tambaya wane ne wannan da-kansa. Idanu ne kawai za su gangaro kan kofin shayinka, inda aka rubuta abin da ka sa wa kowace na'ura a matsayin sunan farko tun ranar da ka kama aiki: gwani-na-gwanaye-da-kansa. Gurbi goma sha shida sun ɗauki gwani-na-gwanaye daidai. Sauran ne ya malala.

A nan ba ni da shawara. Wanda na gani ya gwada juya kofin.

Mataki na bakwai: Gyara

Mayar da kanari. Ƙirga harufa kafin ka kwafa. Minti goma, kamar yadda na gaya maka tun farko. Na'ura ba ta riƙo, za ta tashi ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Yaya zai koma teburinsa. Kai ma mai yiwuwa a bar ka, don shi zai shiga wajen Manaja ya ce kuskure ne, kowa yana yi, kuma kana da iyali. Iyalin ƙanwarsa ce.

Ranar hutu zai zo gidanku kamar yadda ya saba, ya ɗauki yara, ya tambayi ƙanwarsa lafiya. In ka fito, zai miƙe tsaye ya ba ka hannu da kyau.

"Sannu da hutawa, Injiniya."

Matarka za ta dube shi, ta dube ka, ta tambaya yaushe ka daina zama ƙanensa.

Sanarwa

Na yi alkawarin mako uku, kuma mako uku ka samu. Abin da ya biyo baya ba ya cikin yarjejeniya. Marubucin nan ba shi da alhakin na'urar da ta sandare, ko kofin da aka daina kawowa ofis, ko amsar da za ka ba matarka. In ka zo wurina neman layi biyun da ke gyara wannan, ban san su ba. Na sitak kawai na iya.