Ranar da Na Toshe wa Gida Hanci

Ko tsufa ya kwashe min hankali, ba zan taɓa mantawa da ranar da Bappa Hamadu ya zo ganin gidana ba. Shi ne ƙanin mahaifin Jainabu, yarinyar da nake nema, kuma shi ne waliyyinta. Mu mahauta ne kaka da kakanni a Garwa, su kuwa Fulani, kuma tun farko ya faɗa wa dangi ba zai kai 'yarsu gidan da ke ƙarnin jini ba. Da ƙyar aka shawo kansa ya yarda zai zo ya gani da idonsa (ko in ce ya shaƙa da hancinsa). In gida ya yi masa, a sa rana. In bai yi ba, an gama magana.

Wani tsohon gida na kama haya a unguwar Poumpoumré, mai banɗaki a ciki. Na yi fenti, na wanke ko'ina, na bi kowane lungu da turaren wuta. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: wani baƙin bututun ƙarfe, irin zubin da mai nauyi, da ya fito daga ramin masai ya hau bangon baya. Tsatsa ta cinye kansa ya karye daidai tagar falo, in iska ta juyo sai ɗan wari ya leƙo.

Ni a sanina bututu na ruwa ne. Wannan kuwa ba ruwa a ciki sai wari, saboda haka na yanke masa hukunci. Na laluba tsumma, hannuna ya faɗa kan wani tsohon gajeren wandona, ja mai ɗigon fari. Na cusa shi, na danna da muciya. Wari ya ɗauke. Har yaba wa kaina na yi (ina ganin wayo ya ƙare a kaina).

Bayan 'yan kwanaki Bappa ya iso, ana zafin nan na Garwa mai narka mutum, da farar babbar riga da sandarsa. Ya zauna kan darduma, na durƙusa can bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Jam na?" in ji shi, yana gaisuwa da Fulatanci.

"Jam, Bappa."

Ban rufe baki ba sai ga wata ƙara daga wajen banɗaki, gulun-gulun, ta ja tsawo ta ƙare da huci. Wari ya biyo bayanta, irin wanda ko a mayanka ban taɓa jin kamarsa ba. Wa zai buɗe baki gaban suruki ya yi zancen irin wannan? Shi ya kafa wa silin ido, ni na kafa wa tabarma. Allah ya yafe min, har na ɗan zarge shi. Na tabbata shi ma ni yake zargi.

Da la'asar ta kawo kai ya nemi buta, ya shiga banɗaki. Na ji zubar ruwa, na ji magudana ta yi gyatsa, sai na ji salati. Ya fito, gefen farar rigarsa duk ɗigon baƙin ruwa. Ya ɗauki sanda ya zagaya bayan gida, na bi bayansa.

Ya tsaya gaban bututun ya daɗe yana kallo.

"Yaro, wa ya toshe wa gidan nan hanci? Irinsa ne a gidana. Rami yana tara iska, ta nan take fita. In ka hana ta, sai ta biyo ka ɗaki."

Ya zura sanda ya murɗa, ya jawo. Sai ga jan wandona yana lilo a kan sandar wakilin surukaina.

"Wannan fa, na wane ne?"

Murya na rawa na ce, "Nawa ne, Bappa." Rawar muryar ta mai da maganar tambaya.

"Ba sayarwa nake ba. Mai shi nake tambaya."

Haka dole na sake faɗa dalla-dalla: "Wandona ne." Na so ƙasa ta tsage in shige, ko da ramin ne.

Ya saki wandon a ƙasa, ya tafi ko sallama babu. Na shiga ɗaki na zauna, na haƙura da Jainabu a zuciyata, abinci ma ya ƙi shiga.

Washegari sai ga wani kawuna ya zo da saƙon Bappa. Bappa ya ce bai ji ƙarnin jini ba, abin da ya ji kuwa na gida ne, ba na sana'a ba. In kira mai gyaran famfo a ƙara wa bututun tsawo ya wuce rufi, sannan a zo a sa rana. Ranar jere, cikin kayan amarya, aka miƙo min wani ƙunshi daban, wai daga Bappa. Gajerun wanduna ne sababbi ful, duk farare.

Tun daga ranar, duk ramin da ban san aikinsa ba, sai na tambaya kafin in toshe. Ko Jainabu ta fara faɗa, shiru nake yi in bar ta ta huce, don na riga na ga ta inda iskar ke fitowa in aka hana ta hanya.