Ranar da Na Ceci Habibu daga Barkono

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na je duba ɗalibaina a wani kamfani da ke unguwar Sharaɗa ba. Ko na so mantawa, ma'aikatan kamfanin ba za su bari ba.

Satin da ya gabace ta kwalejinmu ta tura mu bita ta yini ɗaya kan yadda malami zai gane ɗalibin da ke cikin damuwa. Na fito ina jin kaina likita. Na haddace alamomin tsaf: jan ido, yawan shiru, gudun mutane. (Rabin bitar ina waje ina amsa waya, amma wannan tsakaninmu.)

Ɗalibaina biyu ne ke koyon aiki a wannan kamfani na kayan miya, Habibu da Rumaisa. Rumaisa ce ta tare ni a ƙofa, sai fara'a, har da tsokanata wai ɗan a daidaita sahu ya zagaya da ni. Ta miƙo littafin aikinta, na sa hannu ban ko duba ba, don idona na kan Habibu. Yana rakuɓe a bakin sito shi kaɗai, ido jajir, hawaye na zuba.

Na ce a raina, yau ilimi zai yi aiki. An ce mana a ja ɗalibi gefe. Ni kuwa a tsakiyar fili na dafa kafaɗarsa, lokacin ma'aikata sun fito cin abinci, na ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Habibu, kada ka ɓoye mini. Me ke cin ranka?"

"Malam, ba komai wallahi."

"Haka duk kuke cewa! Gida ne? Ko yarinya ce?"

Mutane suka fara matsowa da kwanoninsu. Ganin an taru sai na ƙara himma, na yi huɗuba kan haƙuri da rayuwa. Har na nuna Rumaisa na ce, "Dubi 'yar'uwarka, kullum cikin dariya. Ka yi koyi da ita mana!"

Habibu ya yi atishawa sau uku, ya ce, "Malam, barkono ne. Yau a ɗakin niƙa aka sa ni."

Wani har ya ƙware da shinkafa don dariya. Na tsaya da hannuna a kafaɗar yaron, na rasa yadda ake cire shi.

Wannan kunyar mai sauƙi ce. Malam Tanko, dattijon da ke kula da sashensu, shi ya ja ni bayan sito (shi da bai je bita ba ya san a ja mutum gefe).

"Malam, kun karanta littafin yarinyar nan kuwa?"

Na karɓo na buɗe. Kwana uku a jere ta rubuta: "Ban zo ba, rasuwa." Ga sa hannuna a ƙasa, ɓaro-ɓaro.

Ya ce, "Yayanta ne ya rasu, shi ke riƙe da gidan. Tun da ta dawo ba ta cin abinci. Jiya ta ce mini ta gama da makaranta."

Na same ta a bakin famfo tana wanke hannun da ba abin da ya taɓa. Na yi mata ta'aziyya, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Malam," tana murmushi, sai murmushin ya karye. Ta yi magana kusan rabin awa. Ban ce uffan ba, ba don hikima ba, kunya ce ta ɗaure mini baki. Washegari na raka ta ofishin ba da shawara na kwalejinmu da ƙafata, muka kira mahaifiyarta. Da ƙyar, amma ta dawo aji.

Yanzu kowane ɗalibi nakan tambaye shi ya yake, mai kuka da mai dariya, a inda ba kowa. Sannan in yi abin da ya fi wa malami wuya a duniya: in rufe bakina.