Wa Ke Mayar da Kainuwa Gulbi?

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙafar taki? To, mi ke cikin ƙwaryar nan da kinka rufe da faifai?"

Mas'udu ne ya tare kakarsa, Inna Ladidi, a gangaren gulbin Bungudu da hantsi. A ranin nan shi ne sarkin gayyar da ta kwashe kainuwar da ta rufe gurbin da gari ke sha, bayan ruwan ya fara wari, kifi na mutuwa. Sun dasa ciyawar jema a gaɓa don ta riƙe ƙasa. Amma kullum sai a ga kainuwa ta dawo. Mas'udu ya miƙe a tsakiyar kasuwa, gaban mai gari da dattawa, ya ce shanun Bello, Bafulatanin da ke zaune a ƙetare, su ke kwaso ta a kofato. Aka hana Bello mashayar, sai ƙorama mai nisa yake kai shanunsa, har sun fara ramewa.

"Tuwo ne," in ji Inna Ladidi. "Kauce mani, miji marar ciyarwa."

"Tuwo ke ɗigar da ruwa haka? Kifi za ki kai ma kalaci?"

"Su sun fi ka kirki. Ba su taɓa tare ni a hanya ba."

"Buɗe in gani."

"Tun kana tsirara nike wanke ka a gulbin nan, kana ihu kamar ɗan akuya. Yau kai ne mai bincike na?"

"Shi ya sa na fito baƙi. Ba ki iya wanka ba."

Ya ɗaga faifan. Kainuwa ce ɗanya shar, da saiwarta. Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Tsohuwar ta juya tana kallon ƙetare.

"Kaka, ke ce?"

"Ba ni ba ce. Iska ta ɗora mani."

"Ta kuma rufe da faifai."

"Iskar Bungudu tana da ladabi, ba irinka ba."

"Kaka."

Ta aje ƙwaryar, ta ja bakin zane ta rufe rabin fuska. "Iri nike ajewa a kwatarniya bayan ɗaki. In na ga kun share, sai in zuba kaɗan. Da tokarta nike miya tun kakanka na da haƙora. Kun tashi za ku ƙarar da ita, to da mi zan yi? Da gishirin kantin Gusau, mai sa miya ta yi kamar hawaye?"

"Kaɗan? Ita wannan ta san kaɗan? Kin fi ta yaɗuwa ne kawai, ke da kinka cika gari da jikoki."

"Kuma ka duba wanda anka ba ni a ciki."

Mas'udu ya zauna kan dutse, ya cire hula. "Na yi rantsuwa gaban dattawa. Bello yana tsaye, ya duƙa ya ɗauki sandarsa. Jiya na ga maraƙinsa kwance a hanya, ya kasa tashi. Da wane ido zan dube shi?"

"Matarsa ke kawo mani nono," ta ce a hankali. "Shekaranjiya ta ƙara mani ludayi guda kyauta. Ban iya sha ba."

"Ashe ɓarauniyar tana da kunya."

"Ni na zuba ciyawa. Kai ka zuba ƙarya. Wa ya fi wani?"

"Ni dai ban sani ba lokacin."

"Shi ne ka buɗe baki kamar ƙofar zaure? Ubanka ma sai ya tambaya kafin ya yi wauta."

"Ga kainuwar da munka kwashe can tudu, ta bushe, tsibi ya fi ɗakinki. In anka ƙone ta, tokar za ta ishe ki har ki sake aure."

Ta saki zanen. "Ba ku zubar ba?"

"Tana nan."

"Don mi ba ka faɗi ba, ƙaton banza?"

"Don mi ba ki tambaya ba, tsohuwar ɓarna? Na sake ki, saki uku."

"Wa zai kwashe ka? Ko kada ya gan ka sai ya koma ruwa."

Dariya ta kuɓuce mata, tana share ido. Ta kwance bakin zane ta fito da goro fari, ta ɓare, ta miƙa masa ɓari ɗaya.

"Ka yi galaba yau. Ɗayan na Bello ne, ni zan ba shi da hannuna, daga nan mu wuce wurin mai gari. Amma don Allah, maigida, bi da ni ta bayan gari, kar matan mashaya su gan ni."

Mas'udu ya jefa goron a baki, ya kama hannunta.

"A tsakiyar kasuwa na kunyata shi, Kaka. Ta nan za mu bi."