Kalmar farko ta ɗiyata

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki ɗiyata Nana na kai ta garin Gabi don ta faɗi sunan kakanta.

Ni direba ne, ina jigilar 'yan kasuwa daga Madarumfa zuwa kasuwannin bakin iyaka. Duk ranar da na dawo, aljihuna ba ya rasa alawa, irin mai takarda mai ƙyalƙyali ɗin nan. Lokacin Nana ta ɗan haura shekara ɗaya, ta fara tafiya tana tangaɗi. Da ta ji ƙarar motata sai ta nufo zaure, ni kuma in ɓare ɗaya in sa mata a baki.

Uwarta, Mariyama, ba ta son haka. Ta kai ta awo wurin likita, aka ce mata nauyin yarinyar ya tsaya, a rage mata zaƙi, a riƙa sauya mata abinci: yau kunun gyaɗa, gobe faten wake, ɗan kifi, ƙwai, zogale, kabewa. Mariyama ta dage tana dafawa, Nana ta dage tana kawar da kai.

"Maigida, kai kake cika mata ciki da zaƙi," in ji ta. "Don Allah ka bari."

Na ce na bari. (Abin da na bari shi ne ba ta a tsakar gida. Zaure kuwa ba a ambace shi cikin maganar ba.)

Wata rana na shigo, Nana ta riƙe ƙafar wandona, ta ɗaga kai ta ce, "Lawa." Na tsaya cak. Surukina, mahaifin Mariyama, sunansa Malam Lawali. Sunan da ni da ita ba mu taɓa furtawa ba, Baba muke cewa. Ban tsaya tambayar kaina inda yarinyar ta ji sunan ba. Na ruga ciki na ce wa Mariyama ɗiyarmu ta buɗe baki da sunan kakanta.

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Haka ka ji?"

Na ce da kunnena.

"To, Allah ya sa albarka."

Dama tun aurenmu nake neman abin da zai ɗaga ni a idon Baba, don shi yana ganin direba mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya. Ranar Juma'a na wanke mota, muka nufi Gabi. Muka same shi bayan la'asar a ƙofar gida da abokansa dattawa, suna bisa tabarma. Mariyama ta gaishe su ta shige ciki. Ni kuwa na durƙusa na yi gaisuwa, sannan na gyara murya na ce Nana ta fara magana, kuma sunan Baba ta fara kira.

Fuskar tsohon ta washe. Har ya aika aka kira limamin unguwa ya zo ya ji. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Taho, amaryata. Faɗi sunan mijinki su ji."

Na ajiye ta gabansa. Ta dubi gemunsa, ta dubi hularsa. Ya ƙara lallashi. Sai ta juya masa baya, ta tako wurina, ta zura hannu cikin aljihun rigata har gwiwar hannu. Ta zaro alawa, ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ta ce da ƙarfi, "Lawa."

Liman ne ya fara dariya, ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Daga bayan zana kuma na ji wata dariya da na sani sarai. Na so in ce wani abu, sai na ga sauran alawar sun zubo bisa tabarma, Nana na tsince su tana kiran sunan kowace.

Baba ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ta. Ya ce, "Ashe ina da takwara ban sani ba. Kuma ga shi ya fi ni farin jini wurin amarya." Sannan ya dube ni, ba da faɗa ba. "Wannan ne abincin nata?"

Na ce a'a, Baba, ana dafa mata. Ya ce ya san ana dafawa, ɗiyarsa ce mai dafawar. Ci yake tambaya.

Ya tattara alawar ya raba wa dattawan, ya sa aka kawo faten wake daga cikin gida. Nana ta yi kuka, ta yi birgima, shi kuwa ya zauna da cokali yana jira, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Da ta gaji ta ci, ta kuma buɗe baki a ƙara.

A hanyar komawa na tambayi Mariyama me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce ta ga na riga na wanke mota.

Yanzu in zan shigo gida, bakin tafki nake biyawa in sayi kifi, ko in riƙo mangwaro in lokacinsa ne. Nana ta yi kumatu. Na kuma koyi cewa kafin mutum ya tara dattawa su ji abin da zai fito daga bakin ɗansa, ya fara tuna abin da ya saba sakawa a ciki. Baba dai har yau in na kira shi a waya, bayan ya tambayi iyali sai ya ce, "Ina takwarana? Yana nan aljihu?"