Ranar da Kare Ya Tafi da Wandona

Kafil ɗina, wato ubangidana Balarabe wanda nake wa direba, nake kuma kira mudir, ya ba ni karensa na farauta in zagaya da shi cikin itatuwan wurin shaƙatawa na Wadi Hanifa.

"Za ka iya?"

"Haba mudir, cikin karnuka na tashi a Maraɗi!"

Ina da alwala, ba na son ya lashe min hannu, sai na ƙulla igiyarsa a zariyar wandona. Ina tafe ina yaba dabarata, sai kyanwa ta gifta.

Innalillahi! Fizga ɗaya na sha ƙasa, kare ya yi gaba da wandon. Ga Larabawa zaune da iyalansu suna shan gahawa. Wata tsohuwa ta rufe idon jikarta tana salati.

Har yau in zan fita, 'yan ɗakinmu sai su ce, "Sarkin karnuka, a tafi da wando biyu."